Lissafin Dole a Jami'a: Wane Iri, kuma a kan Wa?

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Najeriya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta fitar da sababbin ƙa'idojin shiga manyan makarantu. Abin da ya fi tayar da ƙura a ciki shi ne cewa mai neman karanta adabi ko harsuna ko tarihi da makamantansu ba sai ya kawo kiredit a lissafi ba. Sharaɗin ya ci gaba da zama a kan masu neman kimiyya da fasaha da ilimin zamantakewa. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta sake fitowa ta yi ƙarin bayani, cewa duk ɗalibin sakandare dole ya yi rajistar lissafi kuma ya zauna jarrabawarsa. Wasu iyaye sun yi hamdala, domin suna da yara a gida da suka shekara biyu ko uku suna sake WAEC da NECO saboda wannan darasi ɗaya tak. Wasu malamai kuwa sun ce an ba yara lasisin guje wa lissafi tun daga ajin farko na babbar sakandare.

Wannan muhawara ba a nan ta fara ba. Inda aka fi daɗewa ana fafata ta, kuma aka fi tara hujjoji a kanta, shi ne Amurka. Ya kamata mu duba yadda ta kaya a can, domin tambayarsu ta fi tamu faɗi: shin wajibi ne a tilasta wa kowane ɗalibin jami'a ya yi lissafi mai zurfi kafin a ba shi digiri, ko da waƙa ya zo karantawa?

Me ake nufi da lissafi mai zurfi?

Yawancin gardamar da ake yi a kan wannan batu tana tasowa ne daga haɗa abubuwa uku a kira su da suna ɗaya. Akwai lissafin tushe: tarawa, ragewa, ninkawa, rabawa, kaso da kashi cikin ɗari. Babu mai hankalin da ke jayayya a kan wajibcinsa. Akwai kuma hanyar da ta tashi daga aljabara ta bi ta lissafin kusurwoyi ta kai kalkulas, wato lissafin da ake auna yadda abu ke canzawa da shi, kamar gudun mota ko nauyin da gada za ta iya ɗauka. Wannan ita ce hanyar injiniyoyi da masu kimiyyar lissafi da fiziks da tattalin arziki. Na uku shi ne ƙididdiga da sanin yiwuwar aukuwar abu: yadda ake tattara alƙaluma, yadda ake karanta su, da yadda ake yaudarar mutane da su. Idan aka ce lissafi mai zurfi, hanya ta biyu ake nufi. Rigimar duka a kanta take.

A Najeriya ɗalibi yana shiga jami'a kai tsaye cikin sashensa. A Amurka ba haka ba ne. Shekarun farko na digiri ana yin su ne cikin darussa na bai ɗaya, kuma a jami'o'i da yawa akwai darasin lissafi na dole a ciki, wanda shekara da shekaru aljabara ce. A makarantu da yawa, kafin ɗalibi ya shiga ajin ma sai an yi masa gwaji. Idan bai ci ba, a tura shi azuzuwan share fage, wani lokaci zango biyu ko uku, yana biyan kuɗi amma ba a lissafa masa makin cikin digirinsa. Wani bincike da Thomas Bailey da abokan aikinsa na Jami'ar Kolumbiya suka wallafa a 2010 ya gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na ɗaliban kwalejojin shekara biyu da suka duba an tura su share fagen lissafi, kuma kusan ɗaya cikin uku ne kawai daga cikinsu ya kammala. Saura sun watse a hanya.

A 2012 wani farfesan kimiyyar siyasa a Kwalejin Queens da ke birnin New York, Andrew Hacker, ya rubuta maƙala a jaridar New York Times yana tambayar ko aljabara ta zama dole. Ya biyo ta da littafi a 2016. A 2017 shugaban kwalejojin shekara biyu na jihar Kalifoniya, Eloy Ortiz Oakley, ya fito fili ya ce bai kamata a ci gaba da tsare ɗaliban da ba kimiyya za su yi ba da aljabara. A wannan shekarar ta 2017 jihar ta yi doka da ta hana kwalejoji tura ɗalibai share fage barkatai.

Hujjar masu cewa a tilasta

Masu goyon bayan tilastawa ba masu taurin kai ba ne, kuma hujjojinsu suna da nauyi.

Ta farko ita ce buɗe ƙofa. Yaro ɗan shekara sha bakwai bai san abin da zai zama ba. Wanda ya ajiye aljabara yau ya rufe wa kansa injiniyanci da kimiyyar kwamfuta da tattalin arziki, kuma komawa baya a cike giɓin yana da wuya, domin lissafi gini ne, kowane bene a kan na ƙasa yake zaune. Wanda ya fi kowa ƙarfafa wannan magana shi ne Bob Moses, ɗaya daga cikin 'yan gwagwarmayar da suka yi wa baƙar fata rajistar zaɓe a jihar Misisipi a shekarun 1960. A 1982 ya kafa wani shiri na koyar da aljabara ga 'ya'yan marasa galihu, domin a ganinsa hana yaro aljabara a wannan zamani daidai yake da hana kakansa ƙuri'a. Abin lura a nan shi ne, shi da Oakley duka da sunan adalci suke magana. Ɗaya ya ce a cire shingen, ɗayan ya ce a koya wa yaran tsallake shi.

Ta biyu ita ce horar da hankali. Ana cewa wanda ya saba warware matsalar lissafi mataki bayan mataki zai iya tsara hujja a kotu ko a jarida. Wannan magana tsohuwa ce, tun masanin falsafa Aflatun yake yin ta.

Ta uku ita ce darajar digiri. Idan duk darasin da ya ba ɗalibai wahala aka cire shi, me zai rage a cikin takardar?

Inda hujjojin suka yi rauni

Hujja ta biyu ita ce aka fi yawan ji, kuma ita ce mafi ƙarancin madogara. Tun farkon ƙarni na 20 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya gwada ta. A 1924 ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a kan dubban ɗaliban sakandare, inda ya tarar cewa darussan da ake yi wa kirarin kaifafa ƙwaƙwalwa, irin su Latin da lissafi, ba su ba masu yin su wani fifikon a zo a gani a gwajin tunani ba. Abin da ya bayyana shi ne, yara masu kaifin basira su ne tun farko suke zaɓen waɗannan darussa. Abin da mutum ya koya a wani fanni ba ya tsallakawa zuwa wani fannin da kansa, sai an koyar da shi da wannan niyya. Lissafi yana horar da tunani, babu shakka, amma haka ma nahawu da mantiƙi da usulul fiƙhu.

Hujja ta uku kuwa tana ɗaukar wahala a matsayin manufa. Darasi yana iya zama mai wuya kuma mai amfani, yana kuma iya zama mai wuya kawai. A nan ne wani gwaji da aka yi a Jami'ar Birnin New York yake da muhimmanci. A 2013 Alexandra Logue da abokan aikinta suka ɗauki ɗalibai kusan 900 a kwalejoji uku, waɗanda duka gwajin shiga ya nuna suna bukatar share fage, suka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka kai su ajin aljabarar share fage kamar yadda aka saba. Wasu aka kai su kai tsaye ajin ƙididdiga na matakin jami'a, tare da ƙarin sa'o'in taimako kowane mako. Kashi 39 cikin 100 suka ci a ajin aljabara, kashi 56 suka ci a ajin ƙididdiga. Da aka bi sawunsu bayan shekaru, 'yan ajin ƙididdiga sun fi yawan kammala karatu. Waɗannan yara an yanke musu hukuncin ba su iya lissafi ba, sai ga shi sun ci darasin da ya ɗara wanda aka ce ya fi ƙarfinsu a mataki. Ashe aljabarar da ake tsare su da ita rariya ce ta rage yawan masu wucewa, ba shiri ba ne na abin da ke gabansu.

Gargaɗi daga Faransa da Kalifoniya

To amma duk wanda ya ɗauka cewa cire lissafi shi ne magani, ya dubi abin da ya faru a Faransa. A gyaran da ministan ilimi Jean-Michel Blanquer ya ƙaddamar a 2019, an cire lissafi daga darussan bai ɗaya na shekaru biyun ƙarshe na sakandare, aka mai da shi zaɓi. Nan da nan yawan masu ɗaukarsa ya ragu, kuma raguwar ta fi tsanani a tsakanin 'yan mata. Ƙungiyoyin malamai suka yi ta koke, har daga 2023 aka dawo da sa'a ɗaya da rabi ta lissafi a mako a matsayin wajibi ga 'yan ajin kusa da ƙarshe da ba su zaɓe shi ba.

A birnin San Faransisko ma, a 2014 hukumar makarantu ta ɗage fara aljabara daga aji takwas zuwa aji tara, da niyyar daidaita yara. Masu hali suka biya kuɗi 'ya'yansu suka yi darasin a waje, 'ya'yan talakawa suka tsaya inda aka ajiye su. A 2024 aka janye tsarin. Haka nan kwamitin malaman Jami'ar Kalifoniya mai kula da sharuɗɗan shiga ya yanke a 2023 cewa darussan sarrafa bayanai da wasu sakandare ke bayarwa ba za su maye gurbin darasin aljabara na mataki na biyu ba, bayan da malaman kimiyya suka koka cewa ana yaudarar yara da sunan zamani.

Darasin a bayyane yake. Idan aka mai da lissafi zaɓi da wuri, ba kowa ke ajiye shi daidai wa daida ba. Wanda ubansa injiniya ne ba zai ajiye ba. Masu ajiyewa su ne 'yan mata da aka saba gaya wa cewa wannan ba fanninsu ba ne, da yaran makarantun da ba su da malami. Saboda haka sakandare da jami'a hukuncinsu ba ɗaya ba ne. A sakandare a riƙe kowa a kan hanya, domin ƙofofi su kasance a buɗe. A jami'a, inda mutum ya riga ya kama fanninsa, tambayar ta koma: wane lissafi ne wannan fanni da wannan rayuwa ke bukata?

Lissafin da ba wanda zai tsira sai da shi

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.80 cikin 100 a watan Disambar 2024. Ta Janairun 2025 kuwa ta ce kashi 24.48 ce. Mutane da yawa, har da masu digiri, sun fusata suna cewa ƙarya ake yi, tun da ba su ga abin da ya sauka a kasuwa ba. Wasu kuma suka yi ta murna cewa kaya sun yi sauƙi. Ɓangarorin biyu duka ba su karanta lambar daidai ba. Na farko, hukumar ta sauya ma'auninta ne a wannan watan: ta mayar da shekarar da take gwadawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayan da take bin farashinsu. Na biyu, raguwar hauhawar farashi ba saukar farashi ba ce. Idan mudun da ake saye naira 2,000 bara ya tashi da kashi 24, bana 2,480 ne. Ya dai ƙaru, gudun ƙaruwar ne ya ragu. Ɗan jarida da bai san wannan ba zai ɓatar da dubban masu sauraro a rahoto ɗaya.

Ko a dubi bashin da ake tallatawa ta waya. Idan aka ce kuɗin ruwa kashi 10 ne a wata, kuma abin da ba a biya ba ana ɗora shi a kan uwar kuɗi, wanda ya ci naira 100,000 ba 220,000 zai biya bayan shekara ba kamar yadda zai zata. Kusan 314,000 ne, domin ruwan wata na biyu a kan 110,000 ake lissafa shi, na uku a kan 121,000, haka har wata goma sha biyu. A cikin wannan misali akwai aljabara, amma ta shigo ne ta ƙofar bukata.

Akwai kuma inda rashin sanin ya ci rayuwa. A 1999 wata kotu a Ingila ta ɗaure wata lauya, Sally Clark, bisa zargin kashe jariranta biyu. Wani babban likitan yara ya shaida wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu mutuwar farat ɗaya a irin wannan gida ɗaya ce cikin miliyan 73. Ya samo lambar ne ta ninka yiwuwar mutuwa ɗaya da kanta, kamar dai mutuwar farko ba ta da wata alaƙa da ta biyu, alhali yaran uwa ɗaya uba ɗaya ne, a gida ɗaya, kuma abin da ya kashe na farko yana iya kasancewa a jinin na biyu. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito a 2001 ta ce lissafin ba shi da tushe. An saki Sally Clark a 2003, bayan an gano sakamakon gwajin asibiti da ba a gabatar wa kotu ba, kuma alƙalan ɗaukaka ƙara sun soki wannan lamba. Ta rasu a 2007. A ɗakin shari'ar nan akwai masu ilimi da yawa, kuma abin da ya kuɓuce musu ba kalkulas ba ne, darasin makon farko ne na sanin yiwuwa.

Mu ma muna da shaida a gida cewa ɗalibin da ake kira ɗan adabi yana iya lissafi idan ya ga abin da zai yi da shi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta rabon gado ya san mas'alar nan: mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uba da uwa. Mata tana da sumuni, 'ya'ya suna da sulusi biyu, uba da uwa kowa sudusi. Aka mai da su kan 24, sai aka samu 3 da 16 da 4 da 4, jimla 27, ta zarce dukiyar. Sai a yi auli, a raba dukiyar gida 27, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado, sumunin matar ya koma ɗaya cikin tara. Almajirai da ba su taɓa shiga ajin boko ba suna warware wannan a kan allo ko a ƙasa da yatsa. Littafin da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda ake ɗauka a matsayin tushen aljabara, babban ɓangarensa na ƙarshe a kan wasiyya da gado yake. A Katsina kuma aka yi Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu a kan tsarin lambobi cikin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. A tsarin karatunmu na gargajiya kowane mai neman fiƙhu yana koyon lissafin da hukunci ke bukata, ƙalilan kuma su zurfafa.

Abin da ya rage mana

Matsalarmu kishiyar ta Amurka ce. Su sun tsare kowa da lissafin da bai dace da shi ba. Mu kuma, ɗalibin tarihi ko Hausa ko Larabci yana iya gama shekara huɗu bai haɗu da lamba ba sai a takardar sakamakonsa. Darussan bai ɗaya na jami'o'inmu sun ƙunshi Turanci, da al'ummu da al'adun Najeriya, da falsafa da mantiƙi, da zaman lafiya, da sana'a. Babu darasin karanta alƙaluma a ciki. Kiredit ɗin sakandare shi ne kaɗai tabbacin da ake da shi cewa wannan ɗalibi ya taɓa lissafi, ga shi an ɗage shi. Ɗagewar tana da hujja, domin babu adalci a hana yarinya mai baiwar harshe karanta Hausa saboda ta kasa lissafin kusurwoyi a makarantar da ta shekara babu malamin darasin. Amma idan aka tsaya a nan, an sauke wa gwamnati nauyin samar da malamai, an kuma sallami masu digirin da za su zama 'yan jarida da alƙalai da ma'aikatan gwamnati ba tare da sun iya karanta kasafin kuɗi ba.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar doka. Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta. A cikin wannan fili majalisar malaman kowace jami'a tana iya sanya kwas ɗaya na dole ga duk wanda fanninsa ba ya ɗauke da lissafi: kashi cikin ɗari, kuɗin ruwa, hauhawar farashi, karanta jadawali da zane, yadda ake ɗaukar samfur a ƙidaya da jin ra'ayi, da sanin yiwuwa. A koyar da shi da alƙaluman ƙasar nan, da kasafin jiha da sakamakon zaɓe da rahoton asibiti, a ƙananan azuzuwa masu sa'o'in taimako, domin wannan taimakon yana cikin abin da ya sa gwajin New York ya yi nasara. Kada ya zama laccar mutum dubu a zaure ɗaya da ake haddace ta daren jarrabawa. Kalkulas da abin da ya biyo bayansa su tsaya wajibi, ba sassauci, a kan injiniya da masanin kimiyya da na tattalin arziki. Wanda kuma ya gano a aji biyu cewa can zuciyarsa take, a tanadar masa kwas na cike giɓi ya koma.

Kafin duk wannan akwai firamare. Yaron da ya bar aji shida bai iya kaso ba, ba a jami'a aka kayar da shi ba, kuma babu ƙa'idar shiga da za ta tashe shi, a tsananta ta ko a sassauta. Iyayen da suka yi murna da sanarwar Oktoba da malaman da suka yi baƙin ciki da ita suna da tambaya ɗaya da ya kamata su kai wa gwamnonin jihohinsu tare: makarantu nawa ne a jihar ba su da ƙwararren malamin lissafi, kuma yaushe za a tura musu?